Taƙi Ɗaya a Bakin Burtali

A kwalejin horon malamai da ke gefen Bebeji, ba a taɓa yin ɗalibin da ya bi ta hannun Malam Surajo ya fita bai san Bajamushe ba. Mutumin yana da sunansa, Malam yakan rubuta shi a allo da manyan baƙaƙe har ya ja masa layi, amma harshen ɗalibai ya ƙi ɗaukarsa, sai suka hutar da kansu, suka bar shi a Bajamushen Malam. Darasin halayyar ɗan'adam Malam Surajo yake koyarwa, kuma ko daga ina ya faro, ko a kan tarbiyyar yara ne ko a kan mantuwa, sai ya san yadda ya yi ya ɓullo ta wajen mutumin nan.

Ya san labarinsa kamar tare suka yi wasan ƙasa. Yakan ce ɗan wani limamin coci ne, masanin kimiyya tun da ƙuruciya, sai son sani ya sa ya dinga ƙura wa rana ido ta cikin gilashi mai launi, wai yana so ya gane abin da ke saura a ido bayan an kau da kai. Rana kuwa ba ta san farfesa ba, ta lalata masa ido. Ya yi shekaru a ɗaki mai duhu, ba ya iya haske, abinci ma da ƙyar yake shiga. Ranar da ya samu sauƙi ya fita lambu, ya kwance ƙyallen da ke idonsa, sai ya ga furanni suna sheƙi kamar yau aka halicce su, har daga baya ya zauna ya rubuta cewa tsirrai ma suna da ruhi irin nasu. A nan ɗalibai kan yi dariya, Malam ya bar su su gama, domin abin da ya fi ɗaukar masa hankali yana gaba.

Bayan ya warke, in ji Malam, Bajamushen ya sa wa kansa wata tambaya. Ana auna hatsi da mudu, ana auna yadi da kamu, to da me za a auna abin da mutum yake ji a jikinsa? Sai ya yi ta ɗaga ƙarafa yana ajiyewa, shekara da shekaru, yana neman ƙari mafi ƙanƙanta da hannu zai iya ganewa. Malam ba ya barin maganar a baki. Yakan zo da ƙorai biyu cike da gero, ya kira ɗalibi ɗaya ya ɗaure masa ido, ya ɗora masa ƙwarya a kowane hannu. Sai ya ɗebo gero a cokali ya zuba a ta dama, ya tambaya wacce ta fi nauyi. Ɗalibi ya ce duk ɗaya. Ya ƙara, ya ce duk ɗaya. Aji yana ta ƙyaƙyata dariya, na tsaye bai san abin da ake yi ba, har sai geron ya taru sannan ya ce ta dama ce.

"To kun gani," in ji Malam, yana kaɗe hannu. "Akwai ƙarin da jiki ba ya ji. In kaya ƙarami ne, ɗan kaɗan za a ƙara a gane. In kaya babba ne, sai an ƙara da yawa. Haka yake a nauyi, haka a haske, haka a tsawo da faɗi."

Ilimi ne mai kyau, kuma Bajamushen bai taɓa cin gonar kowa da shi ba. Malam Surajo ne ya ɗauko shi daga aji ya kai shi Burumburum.

Can ne garinsu, can mahaifinsa marigayi Ubale ya bar masa gona. Da farko ba ruwansa da ita sai in an kawo masa damin dawa, amma da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, albashi ya koma ba ya kai wata, sai Malam ya tuna shi ɗan manomi ne. Duk Juma'a da yamma ya hau babur ya nufi gida, wajen matarsa Furera da yara, Asabar da Lahadi yana gona. Gefen gonar ɗaya yana bakin burtali, wato hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki, daga rugar Fulani da ke bayan gari zuwa rafi. Shingen aguwa ne ya raba gona da hanya. Ita aguwa, tsiron nan mai farin ruwa kamar nono, ba ta da wuyar sha'ani, ka saro reshe da bazara ka soke a ƙasa, ruwa ɗaya ta kama.

Shanun da suke bin burtalin nan safe da yamma na Mudi ne. Sa'an Surajo ne, kuma abotar gado ce, don Shitu mahaifin Mudi da Ubale haka suka yi zamansu. Da kaka in an kwashe amfani, shanun Mudi su kwana a gonar Surajo su ci kara su bar taki, Surajo ya aika da hatsi ruga, Luba matar Mudi kuma ba ta wuce ƙofar gidan Furera ba ta sauke ƙwaryar nono ba. Mudi ba baƙo ba ne a nan. Ɗakunan ƙasa ya gina, yana da gonarsa, iyayensa a maƙabartar garin suke. Ba ya kiran Surajo da komai sai Kaɗo, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, shi kuma ya rama da Bafillace.

A bazarar da ta biyo bayan annobar da ta kwashe wa Mudi kusan rabin garkensa, Surajo ya fito gyaran shinge. Yana riƙe da reshen aguwa zai soke a gurbin wanda ya bushe, sai ya ɗaga kai ya dubi burtalin. Faɗi gare shi na gaske a wancan lokaci, shanu shida za su jera da ƙahonninsu ba su gogi juna ba. Kaya babba ke nan, in ji zuciyarsa. Nawa za a rage kafin ido ya gane?

Ba za a ce yunwa ce ta sa shi ba, don kunyar shuka ɗaya ba ta cika rumbu. Son ya gani ne ya fi yawa, da ɗan kwaɗayi a ƙarƙashi wanda bai yarda ya leƙa ba. Ya taka zuwa wajen shingen, ya jera sababbin rassa a gaban tsofaffin, faɗin kunya guda. Wanda ya gani zai ce Malam yana ƙara wa shingensa kauri ne. Da shekara ta zagayo sabon layi ya kama, sai ya sare tsohon na ciki ya yi kunya a wurin.

Yana cikin wannan aiki Mudi ya taho daga rafi, sanda a kafaɗa, hannaye rataye a kanta.

"Kaɗo, yau boko ya sake ka?"

"Ya sake ni, Bafillace. Zo ka tsaya nan. Dubi burtalin nan da kyau, sama da ƙasa. Ka ga wani abu ya canja?"

Mudi ya duba gabas, ya duba yamma, ya dubi ƙasa ko wani abu ne ya faɗi. "Me zai canja? Hanya ce, tun kakana take nan. Ka yar da wani abu ne?"

"A'a, tambaya ce kawai."

"Ku 'yan boko, mutum yana zaman lafiya sai ku tsare shi da tambaya kamar alƙali."

Suka yi dariya, Mudi ya bi shanunsa. Ran Lahadi Surajo ya koma Bebeji yana waƙa a kan babur. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai, ba don kunyar shukar da ya samu ba, sai don ya ga maganar Bajamushe ta tabbata a ƙasar Tudun Wada, a idon makiyayin da ke gane kowace saniyarsa daga nesa. Har a aji ya ba da misalin, ya ce ya san wani manomi da ya yi kaza da kaza, ɗalibai suka yaba wayon manomin.

Da ya tsaya a nan, da labarin ya zama abin dariya. Bai tsaya ba. Bazara ta gaba ya ƙara, ta bayanta ma ya ƙara. Kuma da yake ɗalibin kirki ne, ya bi ƙa'ida sau da ƙafa: da hanya ta fara raguwa sai ya rage abin da yake ci, daga kunya ya koma kamu, daga kamu ya koma taƙi, wato ratar babban yatsa da manuni. Akwai wani tsohon suri a cikin burtalin, wanda shanu ke soshe jiki da shi. Shekarar da shinge ya iso gare shi Surajo ya gane cewa in surin ya shigo gona kowa zai tambayi yadda aka yi ya shigo, sai ya sa gatari ya rushe shi, ya baje ƙasar, ya ce gara ce ke cin masa dawa. Ranar bai yi waƙa a kan babur ba.

Akwai abin da Bajamushe bai faɗa masa ba, don Bajamushe bai yi noma a Burumburum ba. Manomin garin nan ba ya kafa shinge da igiya ko ma'auni. Tsugunawa yake a kusurwar gonarsa, ya kanne ido ɗaya, ya daidaita layinsa da na maƙwabci don kada a ce shingensa ya karkace. Bature, mai gonar da ke kusa da ta Surajo, da na Malam yake daidaitawa, ai Malam ba zai yi layi a karkace ba. Ɗantani, mai gonar da ke gaba, shi kuma da na Bature. Haka abin ya bi bakin burtalin har rafi. Na tsallaken hanya da suka ga ana ta gyaran shinge su ma suka shiga gyara, kuma hannun manomi in yana soke reshe ba ya taɓa karkata wajen gonarsa.

Babu wanda ya gani, domin kowa kullum yana wurin. Sai da Gwaggo Asibi, ƙanwar marigayi Ubale, ta zo suna daga Doguwa inda take aure, bayan ta yi shekaru ba ta tako garin ba. Surajo ya ɗauko ta a babur daga bakin titi, suka bi ta gefen gona.

"Tsaya, Surajo," in ji ta. Ya tsaya. "Wannan ne burtalin da nake tsoron tsallakawa in an aike ni kai abinci? Ai ya zama hanyar awaki."

Surajo ya kau da kai daga shingen. Amma bakin malami ba ya rasa amsa. "Gwaggo, girma ne. Duk abin da mutum ya sani yana yaro babba yake gani. Ko zauren gidanmu ai kin ce ya ƙanƙance."

"Haka ne kuma," in ji tsohuwa. "Mu je, rana tana yi."

Daga wannan shekarar bai ƙara ko faɗin yatsa ba. Sai dai bai mayar da komai ba, ya bar shinge inda yake, yana ta faɗa wa kansa cewa shanu ai suna wucewa.

Suna wucewa ɗin, in babu abin da ya kore su. Wata ranar Asabar a tsakiyar damina, masara ta fara goyo, hadari ya taso da la'asar shanu suna rafi. Aka yi wata tsawa, garke ya zabura ya nufi gida a guje. Da suka iso inda hanya ta fi matsewa, na gaba suka cushe, na baya suka danno, shinge ya karye, suka afka gonar Ɗantani. Kafin Mudi ya fitar da su sun tattake fiye da rabinta.

Washegari aka taru a ƙofar gidan mai unguwa Balarabe. Aka shimfiɗa tabarmi, duk masu gona a bakin burtali suka zo, Surajo ma aka aika aka kira shi. Mudi ya tsuguna a gefe, ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ɓarna shanuna sun yi, ban musa ba. Amma hanyar ce ta matse. Ban san yaushe ba, ban san wa ya yi ba, ban ga ranar da aka yi ba. Amma da ba haka take ba. Garkena bai kai na babana ba, kuma nasa yana wucewa a guje ba ya taɓa ganye."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Ɗantani, wanda idonsa ya yi ja don baƙin cikin masararsa, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, shi bai taɓa cin hanya ba, da shingen Bature yake daidaita nasa. Kuma gaskiya ya faɗa, iyakar saninsa. Bature ya ce shi ma a kawo ya dafa, da na Malam yake daidaitawa tun da ya gaji gonar.

Sai kowa ya juyo ya dubi Malam Surajo.

Maganar tana nan a kan harshensa, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Kafin ya buɗe baki sai Mudi ya yi murmushi, ya girgiza kai.

"Malam kam ku cire shi. Gonarsa shanuna ke kwana. Ranka ya daɗe, shi ma nake so a tambaya, shi ne mai ilimi a cikinmu, kuma a bakin burtalin nan muka tashi tare. Kaɗo, don Allah faɗa musu. Hanyar nan haka take da?"

Surajo ya gyara hula. Ya dubi mai unguwa, ya dubi mutanen da ke ba shi sahun gaba a masallaci, waɗanda ke kawo masa 'ya'yansu ya yi musu faɗa. Mudi kaɗai bai duba ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce, da muryar da yake koyarwa, "abin da masana suka gano shi ne ido ba ma'auni ba ne. Abin da mutum ya sani yana yaro, babba yake gani. In shekaru suka ja kuma, ido yana raguwa mai shi bai sani ba, sai ya ga kamar duniya ce ta canja. Ba na cewa Mudi ƙarya yake yi. Abin da idonsa ya nuna masa ya faɗa."

Mutane suka yi ta gyaɗa kai, wani ya ce ilimi daban ne. Mudi ya dubi sandarsa. Da ya yi gardama, ko ya yi zagi, da Surajo ya samu abin riƙewa. Bai yi ba.

"To," in ji shi a hankali. "Tunda Malam ya faɗa. Wataƙila idon ne."

Aka yanke cewa zai ba Ɗantani karsana guda, kuma daga yau in damina ce ba zai kora garke gaba ɗaya ta burtali ba, sai kashi-kashi. Aka shafa fatiha aka watse. Mudi har ya tsaya ya yi wa Surajo godiya da ya ce ba ƙarya yake yi ba.

Tun daga ranar Malam Surajo bai ƙara samun sukuni ba. Kunya ce da nadama suka zauna masa, kuma ya san sunansu, bai yi wa kansa ƙaryar cewa gajiya ce ba. In Luba ta sauke nono, Furera ta dama masa fura ta kawo, sai ya kai ludayi baki ya mayar da shi ƙwarya bai sha ba. Furera ta tambaya, ya ce cikinsa ne ba ya son tsami kwanan nan. Duk Asabar yana gona yana ganin Mudi yana kai shanu rafi kashi-kashi, ya kai waɗannan ya dawo ya ɗebi waɗancan, aikin da da ake gamawa kafin hantsi yanzu sai rana ta take. Shanu suka fara ramewa a tsakiyar damina, lokacin da na kowa ke ƙiba. Kuma duk wucewa sai Mudi ya ɗaga sanda ya ce, "Sannu da aiki, Kaɗo."

A kwaleji, da lokacin darasin ƙorai ya zo, ya ɗaure wa ɗalibi ido, ya ɗebo gero a cokali, sai ya tsaya. Ya dubi saurayin nan tsaye da hannaye a buɗe, ido a rufe, ya amince da malaminsa, aji kuma yana jiran a fara dariya. Ya mayar da geron, ya kwance ƙyallen, ya ce su buɗe shafi na gaba. Ɗaliban shekarar ba su san Bajamushe sosai ba. Shi kuwa Malam bai taɓa tunaninsa kamar lokacin ba. Mutumin nan, in ji shi a ransa, da zai gwada ido, nasa ya gwada, shi ya shiga duhu, shi ya sha wahalarsa. Ni kuwa na gwada a kan na Mudi, da ya gano gaskiya kuma na sa ya daina yarda da idonsa a gaban jama'a.

Da bazara ta zo ya ƙudura zai mayar. Ya fito da adda da sassafe, ya tsaya a inda surin nan yake da, ya auna da ido inda shingen mahaifinsa ya tsaya. Nisa ne ba kaɗan ba, kunyoyi ne masu yawa a tsakani. In ya tuge shinge ya mayar da shi can a yini ɗaya, kafin azahar duk Burumburum ta sani. Bature zai zo ya tsaya, Ɗantani zai zo, mutanen da suka nemi dafa Alƙur'ani a kan layinsa. Za a tambaye shi dalili, kuma dalilin ɗaya ne. Ya daɗe a tsaye da adda a hannu.

Sai ilimi ya sake kawo masa agaji, irin agajin da ya saba. Abin da aka ɗauka kaɗan-kaɗan ai ana iya mayar da shi kaɗan-kaɗan. Ya jera sababbin rassa ta cikin gona, taƙi ɗaya daga tsohon layi. Har ya so ya yi kamu, sai ya tuna hanya yanzu ƙarama ce, ƙari kaɗan za a gane, ya tsaya a taƙi. Ya koma gida yana jin kamar ya sauke wani abu, ya sha fura ranar har ya nemi ƙari.

Bature ya zo nasa gyaran, ya tsuguna ya kanne ido, ya ga layin Malam kamar ya ɗan shige ciki, ya ce Malam ya fara tsufa, ya bar nasa inda yake. Bazara ta biyu Surajo ya ƙara mayar da taƙi. Ya lissafa a ransa cewa in Allah ya ba da rai, kafin ya yi ritaya shingen zai koma wurinsa ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Da kakar wannan shekarar aka kwashe dawa, kara yana tsaye, shanun Mudi ba su zo kwana ba. Surajo ya jira Asabar ɗaya, ya jira ta biyu. A ta uku da hantsi yana gona sai ya ji kukan shanu daga wajen ruga, da yawa, ba kashi ɗaya ba. Ya fito bakin shinge. Garke ne gaba ɗaya, da jakuna ɗauke da kaya, da ƙoran Luba a ɗaure a kan wani bijimi. Mudi ya bar su suna tahowa, ya ƙaraso wajensa.

"Kaɗo, na je gida Furera ta ce kana nan. Sallama na zo yi."

"Sallamar me?"

"Za mu gangara gaba da Doguwa, wajen dangin Luba. Sun ce akwai sarari. Shanun nan in na ƙara damina ɗaya da su a haka, ba zan fita da rabinsu ba. Gonar na bar wa ƙanena, shi ba shi da dabba sai awaki."

"Ka dawo da rani?"

"Wanda ya kwashe ƙorai ai ba rani ya tafi ci ba." Ya yi ɗan murmushi. "Ka yafe mini taki na bana. Ka riƙa leƙa mini kabarin su Baffa in ka je naku."

Surajo ya riƙe reshen aguwa har ruwanta ya ɓata masa tafi. Yanzu ma maganar tana kan harshensa, gajeriya kamar yadda take a ƙofar mai unguwa. Amma wata ce ta fito.

"Mudi, kafin ka tafi. Zo ka tsaya nan. Dubi burtalin nan ta wajen gonata, da kyau. Ka ga wani abu ya canja?"

Yana so Mudi ya gani. Bai taɓa son wani abu kamar yadda ya so wannan ba. In Mudi ya ce kamar ya ɗan buɗe, zai ce e, ni na buɗe, ni kuma na rufe tun farko, sauran maganar ta biyo.

"Har yanzu ba ka bar tambayar nan ba," in ji Mudi. "Bari in duba maka da kyau."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani tabarau mai kaurin gilashi, ƙafarsa ɗaya ɗaure da zare. Surajo bai taɓa ganinsa da shi ba.

"A kasuwar Tudun Wada na saya, bayan maganar da ka yi. Ciwon kai yake sa ni, amma na ce Malam ya fi ni sani."

Ya maƙala shi a kunne. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya matso ya dubi shingen tun daga kusurwa har kusurwa. Ya ɗauki lokaci, don ba ya so ya ba abokinsa amsar ganganci. Sannan ya cire tabarau ya naɗe ya mayar aljihu.

"A'a, Kaɗo. Ban ga komai ba. Yana nan yadda yake."

Ya miƙa hannu suka yi musabaha, ya ce a gaida yara, ya juya ya shiga gaban garkensa. Surajo ya ja da baya ya ba su wuri. Shanu suka dinga wucewa ta gabansa bibbiyu, suna karkata kai don kada ƙaho ya sarƙe a shinge.